Tabon da Ya Gagari Baba Sitati

Shekara talatin da huɗu Baba Sitati ya yi a ɗakin wanki na wani babban otal, kuma ko yau ka tare shi zai rantse maka babu tabon da ya taɓa kayar da shi. Na man girki, na tawada, na jan-baki, na shayi, duk ya san maganinsu. Sunan ma can ya samo shi, don in ya goge riga ka tsayar da ita a ƙasa, sai ta tsaya da kanta. Da ya yi ritaya sai ya kwaso aikin ya dawo da shi gida. Wayyo gidan nan! Labule ba ya sati biyu a rataye. Tsumman goge ƙafa ma sai ya sha guga. In baƙo ya zo, bakin Baba na gaisuwa idonsa na kan wuyan rigar mutum, kuma in ya hango abin da bai yi masa ba, ba ya iya haɗiyewa.

"Lemon tsami da gishiri," zai ce, ana tsakiyar tambayar lafiyar iyali. "Kada ka kuskura ka sa ruwan zafi."

Su biyu suka rage a gidan, shi da Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke aiki a kantin magani. Yayyenta kowa ya kama gidansa. Mamansu kuwa shekara uku ke nan da rasuwa. Sai bishiyar gwaiba a tsakar gida, wadda marigayiyar ta dasa da hannunta tun tana ɗan tsiro a gwangwanin madara, shekarar da suka shigo gidan. A faɗar Baba, shi bai taɓa shiri da bishiyar ba: ga zubar da ganye, ga tsuntsaye masu ɓata shanya. Sai dai kujerarsa a gindinta take, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya matsar da ita.

To, saiwar gwaibar nan ta bi ta ƙarƙashin katanga ta fasa bututun ruwan maƙwabci, katangar kanta ta tsage daga ƙasa har sama, tsagar da yatsa ke shiga. Maƙwabcin mutumin kirki ne, wata shida yana haƙuri da laka a ƙofar kicin ɗinsa. Magini ya zo ya duba, ya ce ba gyara sai an cire bishiyar. Aka yi magana da mai yankan itace, ya ce ranar Asabar da safe zai zo da injinsa.

"Madalla," in ji Baba. "Dama ta ishe ni da shara." Ranar dai abincinsa haka ya huce a rufe.

Ran Talata, bayan Auta ta tafi aiki, Baba ya zagaya gidan yana neman abin wankewa bai samu ba, sai ya leƙa bayan ƙofar kicin. Wata ƙatuwar kwalba ya gani an ɗaure bakinta da tsumma. Ya ɗago ta ya duba a haske. Subhanallahi! Ruwa ne jawur mai kauri, ƙusoshi da guntayen ƙarfe kwance a ƙasa tsatsa ta cinye su, ga wani tsami na tashi. Tsatsa, a cikin gidansa, taku uku daga inda yake shanya fararen kaya!

Bai tsaya wata-wata ba. Ya juye ruwan a kwata, ya bi shi da bokiti biyu. Ya zauna a kan ɗan benci da yashi da lemon tsami, ya dirje ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya har suka yi ƙyalli, ya shafa musu ɗan mai, ya jera su a kan tsohuwar jarida daga dogo zuwa gajere. Guda talatin da bakwai ne. Kwalbar kuma ya wanke ta sau uku ya kife a rana. Sannan ya koma kujerarsa ya harɗe ƙafa yana jiran godiya.

Ƙarfe biyar Auta ta shigo. Ta ga kwalba a kife, ta ga jarida, ta tsaya cak, jakarta a kafaɗa.

"Baba, ina ruwan da ke cikin kwalbar nan?"

"Ruwa? Wannan kike kira ruwa? Yana kwata. Dubi ƙusoshinki, kamar yanzu aka fito da su daga shago."

Ta zauna a bakin baranda. Ta buɗe baki kamar za ta yi dariya, sai kuka ya riga dariyar fitowa. Hankalin Baba ya tashi, don rabon da ya ga hawayen Auta tun rasuwar uwarta.

"Ke, lafiya? A kan ƙusa?"

Da ƙyar ta yi masa bayani. Wata biyu ke nan tana zuwa wurin wata malama mai koyar da buga ganye a jikin yadi da takarda. Ana shimfiɗa ɗanyen ganye a kan yadi, a naɗe tam, a turara, sai ganyen ya bar hotonsa har da jijiyoyinsa. Amma ganyen gwaiba ba ya fitowa sosai sai an tsoma shi a ruwan tsatsa, kuma ruwan nan sati uku ta yi tana haɗa shi a ɓoye. So take ta buga ganyen bishiyar Mama a jikin farin mayafin Mama kafin Asabar, ta ba shi.

"Tsaya, tsaya," Baba ya ɗaga hannu. "Wato ki ɗauki yadi fari tas ki ɓata shi da gangan? Har makaranta ake zuwa a koyi ɓata kaya?"

"Baba!"

"To, a tsinki ganyen a ajiye mana, ki sake jiƙa ƙusoshinki. Ga su nan, ba wanda ya ɓata."

"Na gwada da busasshe, inuwa kawai yake bari. Sai ɗanye. Sabon ruwa kuma sai ya yi sati biyu a ƙalla." Ta dubi jaridar. "Balle waɗannan da ka shafa wa mai, ko shekara suka yi a ruwa ba za su yi tsatsa ba."

Baba ya ɗaga kai ya dubi gwaibar. Kwana huɗu suka rage mata. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa kansa, ya tashi ya naɗe jaridar da ƙusoshin a hankali ya shige ɗaki.

Washegari da hantsi ya sa farar rigarsa mai karin guga, ya rungumi kwalbar, ya nufi inda Auta ta kwatanta masa. Wani ɗaki ne a saman shagon tela, matakalarsa a ƙuntace. Yana tura ƙofa ya ja da baya. Igiyoyi ne daga bango zuwa bango, an shanya yadi iri-iri, kowanne ya sha dabbare: ruwan ƙasa, toka-toka, baƙi, ruwan ɗorawa. Tukwane biyu na huci a kan risho. Ƙasa duk ganye. Yatsun Baba suka fara ƙaiƙayi, ya cusa hannu ɗaya a aljihu don kada ya yi abin kunya.

Malamar gajeriyar mace ce mai fara'a, faratanta baƙi ƙirin, rigar aikinta kuwa Baba kallo ɗaya ya yi mata ya kau da kai. Ya gaishe ta, ya ce shi ne mahaifin Auta, ya faɗi laifinsa ba tare da ragi ba. Malama ta saurara har ƙarshe, sannan ta dafa tebur ta yi dariya har da share ido.

"Talatin da bakwai? Ɗaya bayan ɗaya, Baba?"

"Da yashi da lemon tsami."

"Kai, Allah ya ba ka lada! Ka yi haƙuri, ba raini ba ne." Ta nuna masa nata bokitin a lungu, ruwan ko launi bai fara canzawa ba. "Ka ga rashin sa'a, ɗalibaina sun ƙarar da tsohon ranar Lahadi, wannan kwanansa biyu da jiƙawa. Amma tunda ka hawo matakalar nan, zauna ka ga yadda ake yi. Wanda ya zubar da ruwa ai gara ya san abin da ya zubar."

Ya goge kujerar da hankicinsa ya zauna.

"Na farko," in ji Malama, "a wanke yadin sosai, a cire duk wani maiƙo da sitati. Sitati shi ne babban maƙiyinmu a nan."

"Me kika ce?"

"Sitati. Yana toshe yadi, launi ba ya shiga."

"Malama, kin san sunan da ake kira na da shi kuwa?"

Da ya faɗa mata sai da ta sake dafa tebur. Ta ci gaba: a jiƙa yadin a ruwan alif, irin wanda ake tace ruwa da shi, a matse. A tsoma ganye a ruwan tsatsa, a jera, a rufe da leda, a naɗe a jikin sanda, a ɗaure da igiya tam, a ɗora a kan tururi awa biyu. In takarda ce, sai a matse ta tsakanin tayil biyu. Baba yana ji yana gyaɗa kai da ƙyar, kamar wanda ake ba magani mai ɗaci.

Sai ta ɗauko takardu biyu ta ajiye a gabansa. Ta farko ganyen gwaiba ne ba tsatsa, wani ɗan shafi-shafi ruwan ƙwai da sai ka ƙura ido. Ta biyu da tsatsa. Ganyen ya fito ɓaro-ɓaro, toka-toka mai duhu, jijiyar tsakiya da ƙananan duk a jere, bakinsa ya yi baƙi.

Baba ya ƙura wa takardar ido. Ya san wannan tabon. Wallahi ya san shi.

Shekara talatin da suka wuce, ranar da aka ba shi shugabancin ɗakin wanki, aka ba shi sabuwar farar rigar aiki. Matarsa don murna ta ce ita za ta wanke masa. Igiya ta cika, sai ta shimfiɗa rigar a kan wani tsohon kwanon rufi a gindin gwaibar, lokacin bishiyar ba ta fi tsayin mutum ba. Aka yi yayyafi, ganye ɗaya ya faɗo ya manne a ƙirjin rigar, iska ta kifa ta a kan kwanon, rana ta fito ta gasa su tare. Da aka ɗaga, ga ganye zane daidai kan aljihu. Sati guda Baba ya yi yana yaƙi da shi. Lemon tsami, gishiri, ruwan zafi, ruwan sanyi, har bilic, wanda ya ƙara zaunar da shi daram. A ƙarshe ya wurga mata rigar ya ce ta jefar, kuma daga ranar kada ta ƙara taɓa masa wanki. Ita kuwa ta ce, "Alhamdulillahi, ka faɗa da bakinka," kuma har ta bar duniya ba ta ƙara wanke ko hankici ba. Wannan labarin ba ya cikin waɗanda yake ba mutane.

"Bayan ganyen ne ke kamawa," ya ce a hankali, "inda jijiyoyin suka taso. Kuma sai yadin na da danshi, ba sharkaf ba."

Malama ta dube shi. "Wa ya koya maka?"

"Na taɓa gani."

"Ɗalibaina sai sun ɓata yadi biyar kafin su gane haka. Ka ga, Baba, mu nan abin da muke nema kullum shi ne tabon da ba ya fita."

"Ai da kin tambaye ni tun farko!" Ya gyara zama. "Ɓawon rumman. Ɓawon albasa, jar ta fi. Ruwan ɗanyar ayaba, wannan in ya taɓa riga ki yi mata addu'a kawai. Ganyen shayi in ya kwana. Ƙwallon fiya kuwa, in aka yanka shi a kan farin ƙyallen tebur..."

"Dakata, Baba, bari in ɗauko biro."

Sai da aka kira azahar ya sauko, ya bar ta da shafi biyu cike. Ita kuma ta ba shi takardun gwaji goma da shawara ɗaya: ya nemo ruwan da ƙarfe ya daɗe a ciki, ko a ina ne, amma kada ya kasance da maiƙo.

Ran Alhamis unguwa ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Baba Sitati, cikin farar riga, rungume da kwalba, yana bi gida-gida yana tambaya ko akwai tsatsa. Matar maƙwabci ta ce su dai ba su da ita, sannan ta bi shi da kallon tausayi har ya sha kwana. Makanike ya nuna masa wani bokiti cike da tsofaffin notuna, Baba ya tsoma ɗan yatsa ya murza, ya ji santsin baƙin mai, ya girgiza kai. Mai kayan gini ya ce shi sababbin ƙusoshi yake sayarwa, in yana so. Kafin azahar labari ya karaɗe layin cewa tsufa ya fara taɓa Baba.

Saura wuri ɗaya, kuma shi ne wurin da ba ya so: rumfar Mai Walda a ƙarshen layi. Shekara goma Baba yana wucewa ta nan, kuma bai taɓa wucewa bai ce wani abu a kan kayan aikin mutumin ba. Ya taɓa ce masa ma rigarsa ba wanki take buƙata ba, jana'iza take buƙata.

Mai Walda ya ɗage baƙin gilashinsa ya saurari buƙatar. Murmushi ya bazu a fuskarsa a hankali. Ya nuna wani rabin duro a gefe, inda yake tsoma ƙarfe mai zafi ya huce. Ruwan ja ne har ya koma baƙi-baƙi, ƙasansa cike da ɓarɓashin ƙarfe.

"Rabon da in canza shi tun bara. Ba mai a ciki, ko ɗigo."

Baba ya tsoma yatsa ya murza. Garau. Zuciyarsa ta yi tsalle, amma ya ɗaure fuska. "Zai yi."

"A'a, Baba, ba haka ake yi ba. Cewa za ka yi, don Allah Mai Walda ka sammini dauɗarka."

"Kai, ka kiyaye ni!"

"To shi ke nan." Ya sauke gilashinsa ya ɗauki ƙarfe.

Baba ya waiga hagu da dama, ya ga mai shagon kusa ya kasa kunne. Ya tuna Asabar jibi ce. "Don Allah," ya ce ta tsakanin haƙora, "ka sammini dauɗarka."

Mai Walda da kansa ya cika masa kwalbar, ya goge jikinta da tsumma, har ya raka shi taku goma yana dariya. Baba ya taho da ita a miƙe, nesa da rigarsa.

Da yamma shi da Auta suka tace ruwan, suka zuba masa ɗan khal, ruwan tsamin nan na girki, suka tsinko ganye, suka matse takarda tsakanin tayil biyu da suka rage daga gyaran banɗaki. Awa guda a kan tururi. Da suka buɗe, takardar baƙa ƙirin, ba ganye ba alamarsa. Auta ta zauna daɓas a kan benci.

"Ya yi ƙarfi da yawa. Shi ke nan, Baba, mu haƙura."

"Haƙurin me? Bula ma in ta yi yawa haka take yi wa farin kaya. Miƙo mini kofi da cokali."

Nan fa aka shigo gonarsa. Ya jera kwanuka huɗu, kowanne da kofi ɗaya na ruwa. Na farko ya sa cokali huɗu na ruwan Mai Walda, na biyu uku, haka har zuwa ɗaya. Ya rubuta lamba a kusurwar kowace takarda da fensir. Suka turara su tare, yana tsaye a kan tukunyar da agogo a hannu. Takarda mai cokali biyu ce ta fito. Ganye sak, da jijiyoyinsa, kamar ka sa hannu ka ɗauka. Auta ta yi ihu ta rungume shi, shi kuma yana ta cewa ta yi hankali da hannunta, akwai tsatsa.

Ran Juma'a ta ɗauki hutu. Da safe suka shiga ɗakin Mama, Auta ta jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, wanda ba a buɗe ba tun bayan rasuwar. Ƙamshin turarenta ya taso. Farin mayafin na can ƙasa, na auduga, mara ado. Da ta ɗaga shi sai ga wata leda a ƙarƙashi, an ninke wani abu a ciki.

"Wannan kuma fa?" Ta zaro ta warware. Farar rigar aiki ce irin ta da, ta ɗan yi ja don daɗewa. A kan aljihun ga ganyen gwaiba guda ɗaya, ya koɗe kaɗan amma yana nan. "Lah! Baba, Mama ta iya buga ganye?"

Baba ya karɓi rigar. Ya shafa wurin da babban yatsa, yadin ya yi laushi a nan saboda dirzar da ya sha a hannunsa. Ashe ba ta jefar ba. Kusan shekara talatin tana ajiye da ita a ƙasan akwati, ninkin ma irin nata ne, a karkace. Kewarta ta taso masa gaba ɗaya, sai da ya zauna a bakin gado.

Ya ba Auta labarin, har da wurgin da ya yi da rigar, har da abin da ya faɗa.

"Ita me ta ce?"

"Cewa ta yi ganyen ya yi mata kyau. Wai ba kowa ke da riga mai ganye ba." Ya ja hanci. "Sannan ta yi kusan shekara talatin ba ta wanki. Uwarki ai wayo ne da ita."

Auta ta yi dariya da hawaye a fuska. Ya ninke rigar ya kai ɗakinsa, suka fito aiki.

Shi ya wanke mayafin, sau biyu, kuma karo na farko a rayuwarsa ya shanya farin yadi bai nemi sitati ba. Aka jiƙa a ruwan alif, aka matse. Wajen tsinkar ganye ne suka yi rigima. Baba sai ya zaɓi masu lafiya, masu sheƙi, girmansu ɗaya. Auta kuwa ta kwaso har da waɗanda tsutsa ta huda da wanda gefensa ya naɗe.

"Wannan ai naƙasasshe ne."

"Haka bishiyar take, Baba. Ni irin yadda take nake so."

Ya yi ƙunƙuni, ya bar ta. Shi ya so a jera su layi-layi, ita ta watsa su yadda suke faɗowa a tsakar gida. A nan ma ita ta yi nasara. Amma da aka zo naɗi, ta matsa gefe da kanta. Hannun da ya yi shekara talatin da huɗu yana matse zanen gado ya kama mayafin ya naɗe shi a jikin guntuwar sandar mofa, ba inda ya yamutse ko kaɗan, ya bi shi da igiya yana ja har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Mayafin ɗaya ne, ba na biyu, su duka sun san haka, don haka a hankali suka ɗora shi a kan tururi, aka rufe tukunya.

Awa biyu cif. Tsakar gidan ya cika da ƙamshin dafaffen ganye. Da aka sauke, Baba ya kai hannu ga igiyar.

"Sai ya kwana ya huce," in ji Auta.

"Ɗan leƙe kawai zan yi ta gefe."

"Baba, ban yarda da kai ba." Ta ɗauke ƙunshin ta kai ɗakinta ta kulle a kabad, ta sa makullin a jaka.

Asabar, ƙarfe takwas, mai yankan itace ya yi sallama da injinsa a kafaɗa da igiya a hannu. Maƙwabci ma ya shigo, yana ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi. Baba ya ce su ɗan dakata. Aka shimfiɗa tabarma a gindin gwaibar. Auta ta yanke igiyar, ta miƙa masa bakin yadin, ta riƙe sandar tana juyawa, shi yana ja.

Ganyen sun yi baƙi sun manne. Ya sa farce ya ɗaga na farko. A ƙarƙashinsa ga wani ganyen, toka-toka mai duhu, jijiya ɗaya ba ta ɓace ba. Ya ɗaga na biyu, na uku. Wasu sun fito da ruwan ƙasa, wasu da ɗan kore-kore a tsakiya. Wanda tsutsa ta ci ya fito da hujojinsa farare guda uku, kuma duk mayafin ba wanda ya kai shi kyau, ko da yake Baba bai faɗa ba. Igiyar ma ta bar siraran layukanta a gefe ɗaya. Suka ɗaga mayafin su biyu, iska ta ɗan kaɗa shi a ƙarƙashin rassan.

"Ikon Allah," in ji mai yankan itace. "Wannan a ina ake sayar da shi?"

"Ba a sayarwa," in ji Auta. Fuskarta fal murna. "Baba, sai ya yi sati ba a wanke ba fa. Ka ji ko?"

"Na ji. Ko shekara kika ce."

Ya ɗauke kujerarsa daga gindin bishiyar ya kai baranda. Ya dafa jikin gwaibar sau ɗaya, ya gyaɗa wa mai injin kai, ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Ba zai iya kallo ba, kuma bai yi ƙaryar zai iya ba. Injin ya tashi da ƙara. A ciki Baba ya jona dutsen guga, ya shimfiɗa tsohuwar rigar a kan tebur, ya yayyafa mata ruwa, ya bi ta a nutse: wuya, kafaɗa, hannuwa, sannan aljihu.

Da ƙarar ta tsaya ya fito. Tsakar gidan ya yi wani irin haske, ya yi faɗi. Auta tana rataye mayafin a inuwar baranda, ta juyo ta gan shi, ta sa hannu ta rufe baki. Rigar ta ɗan matse shi a ciki, maɓalli ɗaya na neman ceto. Ya wuce ta ya ɗauki kwalbar, wai zai mayar wa Mai Walda sauran ruwansa, ya fita layi da rana tsaka, kowa na gani.

Mai Walda ya hango shi tun daga nesa. Ya ɗage gilashi, ya ƙura ido, ya ajiye ƙarfen hannunsa. Shekara goma yana jiran irin wannan rana.

"Jama'a, ku zo ku gani! Baba Sitati, tabo ne fa a rigarka! Ga shi nan ƙato a kan aljihu. In kawo lemon tsami da gishiri?"

Baba ya ajiye kwalbar a kan duro. Ya dubi aljihun, ya gyara shi da tafin hannu.

"Ba ya fita, na gwada," ya ce. "Matata ce ta yi mini."